Yadda zaka gane tabarau mai tare hasken UV da wanda baƙi ne kawai

Na daɗe ina saka wani baƙin tabarau, baƙi wuluk irin wanda in ka ɗora ba mai ganin idonka, kuma ina ji da shi sosai don duk ƙwallewar rana in na saka sai in ji idona ya huta. Ran da naje gwajin ido mai gwajin ta ce in kawo ta ɗora shi a kan na'ura mu gani, toh wallahi da lambar ta fito sai da naji kunya, ashe hasken UV, wato hasken rana mai cutar da ido da nake zaton yana tarewa, wucewa yake abinsa, shi kuwa farin gilashin da ke fuskarta wanda ko ɗigon launi babu ya tare shi tas. Tun ranar na shiga bin diddigin maganar nan, abin da na tattara shi zan kawo maka daki-daki, ko baƙin gilashin rana zaka saya ko na ƙara gani za a yanka maka.

Fara da sanin abin da kake son tarewa

Hasken rana ba iri ɗaya bane. Ana auna zangonsa da wani ɗan mitsitsin ma'auni da ake kira nanomita, wanda ido ke iya gani yana tsakanin wajen 400 zuwa 700, duk abin da ya yi ƙasa da 400 ya shiga altrabayolet, wato UV, ido baya ganinsa kuma fata bata jin ɗuminsa. Kashi uku ne. UVC daga 100 zuwa 280, wannan iskar ozon da ke can sararin sama ta gama da shi baya isowa ƙasa, sai dai a samu irinsa daga wutar walda ko fitilun kashe ƙwayoyin cuta. UVB daga 280 zuwa 315, kaɗan ne yake isowa amma shi ne mai ƙuna. UVA daga 315 zuwa 400, shi ne wajen kashi 95 cikin 100 na UV ɗin da ke riskarmu kuma ya fi kutsawa cikin ido. Riƙe lambar nan 400 da kyau don duk cinikin a kanta yake juyawa.

Ɓarnarsa iri biyu ce, akwai ta nan take akwai ta sannu a hankali. Ta nan take ita ce ƙunar saman ido, masu walda sun san ta sarai, mutum ya wuni lafiya sai cikin dare ya farka ido na ruwa kamar an watsa masa yashi, haka take samun masu yawo a kan dusar ƙanƙara ba tabarau, yawanci cikin kwana ɗaya zuwa biyu ta warke. Ta sannu a hankalin ita ce abin tsoro: yanar ido, da naman nan da ke tsirowa a farin ido daga ɓangaren hanci yana rarrafe zuwa baƙin ido, da sankarar fatar ido. A 1988 aka fitar da binciken da likita Hugh Taylor da abokan aikinsa suka yi a kan masunta 838 na mashigin Chesapeake a Amurka, suka ga cewa in UVB da mutum ya sha a rayuwarsa ya ninka, haɗarin wani nau'in yanar ido yana ƙaruwa da wajen kashi 60 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ƙiyasta mutum miliyan 15 ne yanar ido ta makantar, kuma wajen kashi 10 cikin 100 nasu ana iya danganta abin da UV. Taruwa yake kamar bashi, yau kaɗan gobe kaɗan.

Kafin ka fita nema buɗe manhajar yanayi ta wayarka ka duba lambar UV ta inda kake. A Kanada aka ƙirƙiro ma'aunin a 1992, daga 0 zuwa 2 ba damuwa, daga 3 an fara buƙatar kariya, 8 zuwa 10 ya yi yawa sosai, 11 zuwa sama kuwa ya kai maƙura. Gajimare mara kauri baya tare shi, mafi yawansa ratsowa yake, sabuwar dusar ƙanƙara tana iya dawo maka da kashi 80 cikin 100 daga ƙasa, busasshen yashi wajen 15, sannan duk hawan mita 1000 a kan tsauni yana ƙara masa ƙarfi da wajen kashi 10. Wannan zai nuna maka irin kariyar da rayuwarka ke nema.

Mataki na biyu, karanta rubutun jikinsa

Rubutu biyu ne kawai nake yarda da su: "UV400", ko kuma wanda ya ce yana tare kashi 99 zuwa 100 cikin 100 na UVA da UVB duka biyun. In kaga an rubuta yana "rage UV" ko yana da "kariyar UV" haka kawai ba lamba, ajiye shi, don ko gilashin taga ma yana rage wani abu ai.

Akwai wani ɗan wayo a nan da mutane da yawa basu sani ba. Ƙa'idar duniya ta tabarau na rana, ISO 12312-1, lissafinta na UV a 380 yake tsayawa, haka ita ma ta Amurka ANSI Z80.3, ita kuwa ta Ostareliya da New Zealand, AS/NZS 1067, har 400 take kaiwa. Kaga kenan kamfani zai iya rubuta cewa gilashinsa ya tare UV ɗari bisa ɗari kuma bai yi ƙarya ba a bisa ƙa'idar da ya bi, alhali tsakanin 380 da 400 ƙofa a buɗe take, kuma wannan ɗan tsakanin ba ƙaramin kaso bane na UV ɗin da rana ke zubowa. Shi yasa na fi son in ga 400 ɗin a rubuce ɓaro-ɓaro. Alamar CE da zaka gani a cikin hannun firem tana nufin mai ƙerawa ya ce kayansa sun cika sharuɗɗan Tarayyar Turai, yana da kyau a ganta, amma fa kamfanin ne da kansa yake bugawa, kuma mai yin jabu da ya iya kwaikwayon tambarin kamfani haruffa biyu ba zasu gagare shi ba. Sitika kam ko ba a faɗa ba, kowa na iya mannawa. Don haka rubutu matakin tace ne kawai, gwaji na nan tafe.

Na uku, raba duhun gilashi da kariyarsa

Nan ne na faɗa rami, kuma nan yawancin mutane ke faɗawa. Duhun gilashi hasken da ido ke gani yake ragewa, shi kuwa UV wani sinadari ne mara launi da ake cakuɗawa cikin robar ko a shafa a kanta yake shanye shi, aikin biyu ba ruwan ɗaya da ɗaya. Abin ma ya wuce nan. Ɗan ramin nan na tsakiyar baƙin ido yana tsukewa in haske ya yi yawa, ga kuma ƙanƙance ido da mutum ke yi a rana ba tare da ya sani ba, wannan kariya ce da aka halicce ka da ita, toh in ka ɗora baƙin gilashi sai ido ya ɗauka inuwa aka shiga ya saki jiki ramin ya buɗe, in gilashin baya tare UV kaga ka wangale masa ƙofa da hannunka, gara ma wanda bai saka komai ba.

Duhun yana da nasa ma'aunin daban, rukuni 0 zuwa 4, galibi zaka ga lambar a cikin hannun firem kusa da CE, wani lokaci a rubuta "Cat. 3". Rukuni 0 yana barin kashi 80 zuwa 100 na haske ya wuce, kusan fari ne. Rukuni 1 kashi 43 zuwa 80, ado ne ya fi yawa a cikinsa. Rukuni 2 kashi 18 zuwa 43, na rana matsakaiciya. Rukuni 3 kashi 8 zuwa 18, wannan shi ne na yau da kullum a rana mai ƙarfi kuma shi zan ce mutum ya ɗauka in guda ɗaya zai mallaka. Rukuni 4 kashi 3 zuwa 8 kacal, na masu hawan tsaunukan ƙanƙara ne da makamantansu, kuma an hana tuƙi da shi ko da rana tsaka, don in ka shiga ƙarƙashin gada ko inuwar bishiyoyi sai hanya ta ɓace maka. Da dare kuwa kar ka tuƙa da gilashi mai duhu ko wane rukuni ne, har da masu ruwan ɗorawar nan da ake tallatawa wai na tuƙin dare.

Launi zaɓin rai ne. Ruwan toka baya canza launin abubuwa, ruwan ƙasa yana fito da bambanci tsakanin abu da abu musamman in akwai hazo, kore yana tsakani. Babu wanda ya fi wani tare UV. Mai sheƙin madubi a gaba ma haka, ƙarin rage haske ne da gayu.

Na huɗu, tambayi da me aka yi gilashin

Wannan matakin ya fi shafar masu gilashin ƙara gani, su da tabarau ke fuskarsu daga safe har dare, kuma su ne aka fi mantawa da su a maganar UV saboda gilashinsu fari ne sai a ɗauka ba abin da zai iya. Alhali abin da aka yi shi da shi ne yake yanke hukunci.

Gilashin ƙwalba na asali, mai nauyin nan, yana da kyan gani garau kuma baya saurin karcewa, amma a wajen UV shi ne kurar baya, yana tare yawancin UVB sai ya bar mafi yawan UVA ya wuce in ba a yi masa wani shafi ba. Sai CR-39, robar da aka samar a kamfanin PPG tun 1940 wadda har yau ita ce gama-gari, zaka ga an rubuta mata 1.50 (lambar da ke nuna ƙarfin robar wajen lanƙwasa haske, ba lambar ƙara ganinka ba), tana tare UVB amma daga wajen 350 zuwa sama sai ta fara yoyo, don haka in ita za a yanka maka ka buɗe baki ka ce a saka mata maganin UV400, kar ka ɗauka za a saka ba ka faɗa ba. Folikabonet, mai lamba 1.59, ita tun daga masana'anta da kariyarta take zuwa a cikin jikinta, tana tare kusan komai har wajen 380 ko sama kaɗan, ga wuyar fashewa, shi yasa ake ba yara da masu wasanni da masu aikin da abu ke iya fallatsowa ido. Aibinta biyu, tana saurin karcewa in ba shafi mai tauri, sannan wasu suna ganin ɗan bakan gizo a gefen abubuwa in lambar ƙara ganinsu ta yi yawa. Trivex, 1.53, ta fito a 2001, ita ma da kariyarta a jiki, ta fi folikabonet rashin nauyi da tsabtar gani, ni dai in lambar mutum ba mai yawa bace ita nake fifitawa. Sai sirara na masu babbar lambar ƙara gani, waɗanda ake rubuta wa 1.60 da 1.67 da 1.74, su ma yawanci da kariya suke zuwa.

Amma lura, "yana zuwa da kariya" ba lallai ya kai 400 cif ba, da yawa a 380 ko 385 suke tsayawa. Zeiss a 2018 ta fara sa kariyar da ta kai 400 a fararen gilasanta na roba, wasu kamfanonin ma suna da irin nasu. Toh tambayar da zaka yi wa mai yanka maka gilashi kar ta zama "yana da UV?" don amsar kullum eh ce, ka tambaye shi "har nanomita nawa yake tarewa, kuma a cikin robar yake ko shafawa aka yi?" In ya san aikinsa zai baka amsa nan take ko ya ɗauko takardar da ke zuwa da gilashin ya nuna maka. Na cikin roba ya fi, don ba ya gogewa.

Na biyar, shafe-shafe da ƙarin da za a yi ta tallata maka

Mu fara da folarais, wanda ake rubutawa "Polarized". Aikinsa kashe ƙyallin da ke tasowa daga shimfiɗaɗɗen abu kamar ruwa, jiƙaƙƙiyar kwalta, bonet ɗin mota, kuma gaskiya ga direba ko mai aiki a kan ruwa daɗinsa ba a magana. Sai dai shi kansa ba kariyar UV bane, yawancin masu kyau suna haɗa duka biyun amma ka duba 400 ɗin daban. Kuma yana sa fuskar wasu wayoyi da allon mota su yi duhu ko su ɓace in ka karkata kai.

Sai fotokuromik, mai yin baƙi a rana ya washe a inuwa. Kamfanin Corning ne ya fara shi da ƙwalba a shekarun 1960, daga baya Transitions suka yaɗa na roba a farkon shekarun 1990. UV ɗin ne da kansa yake tada sinadarin ya yi duhu, kuma masu inganci suna tare UV ko suna fari ko suna baƙi, wannan ya sa ya dace da wanda baya son yawo da tabarau biyu. Abu biyu ne ba a cika gaya wa mai saye ba. Na ɗaya, a cikin mota baya yin duhu sosai saboda gilashin gaban mota ya riga ya shanye UV ɗin da zai tada shi, sai dai nau'in da aka yi musamman don tuƙi. Na biyu, zafi yana rage masa duhu, a sanyi ne yake kaiwa ƙarshen baƙinsa, don haka in a wuri mai zafi kake kar ka yi mamaki in kaga bai kai yadda aka nuna a hoto ba, ba lalacewa ya yi ba, halinsa ne. Tunda an zo maganar mota, gilashin gaba mai ninki biyu ne da roba a tsakani shi yasa yake tarewa, na gefe kuwa a motoci da yawa yana barin UVA da dama ya shigo, mai doguwar tafiya ya san da wannan.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne shafin hana ƙyalli, mai sa gilashi ya yi ɗan kore-kore ko shuɗi-shuɗi in ka karkata shi. An yi shi don hasken da ido ke gani, amma wasu daga cikinsu in UV ya zo daga bayanka ko gefenka ya bugi cikin gilashin sai su dawo da shi kai tsaye cikin ido kamar madubi, wato gaba a kulle baya a buɗe. Manyan kamfanoni yanzu suna yin shafin baya da ke shanye UV, Essilor har ma'auni ta fitar mai suna E-SPF da ke haɗa abin da ya ratso ta gaba da wanda ya dawo ta baya, zaka ga 25 ko 35 a fararen gilasai, 50 a na rana. Ma'aunin kamfani ɗaya ne ba na kowa ba, amma tambayar ta kowa ce: shafin nan yana hana UV dawowa ta baya?

Mai tare shuɗin haske na masu kwamfuta kuwa magana ce daban, fuskar waya da kwamfuta ba UV suke fitarwa da zai dame ka ba, kar a haɗa maka su a ce abu ɗaya ne.

Na shida, firem

Da za a ce in zaɓi matakin da aka fi rainawa, wannan ne. Gilashi ya tare ɗari bisa ɗari amma ƙarami ne kamar kwabo kuma ya zamo ƙarshen hanci, me aka yi kenan? Haske zai shigo ta sama, ta gefe, ta ƙasa. Wani likitan ido ɗan Ostareliya, Minas Coroneo, ya nuna cewa hasken da ya shigo ta gefen kunne in ya ratsa kumburin gaban ido yana taruwa a ɗaya gefen, wajen hanci, da ƙarfin da ya kai ninki 20, kuma daidai wurin ne naman nan ya fi tsirowa. Kaga hasken da ya fi yin wannan ɓarnar ko taɓa gilashin bai yi ba.

Ga wani kuma. Kowa ya san fata ta fi ƙonewa da tsakar rana, amma masu bincike a jami'ar likitanci ta Kanazawa a Japan sun auna da mutum-mutumi suka ga a yawancin shekara ido ya fi shan UV da hantsi, wajen ƙarfe 8 zuwa 10, da kuma wajen ƙarfe 2 zuwa 4 na yamma, saboda in rana na tsakiyar ka gira da goshi suna yi wa ido rumfa, in ta karkata kuwa kai tsaye take shiga. Don haka mai cewa sai rana ta take zai saka ya bar lokacin da ya fi buƙata.

Yadda zaka gwada: saka firem ɗin ka tsaya gaban madubi ƙarƙashin fitila. Ya kai gira ta sama? Ya sauko kusa da kunci ba tare da ya zauna a kai ba? Juya gefe ka duba, in yatsanka na shiga tsakanin firem da gefen idonka a sake toh ƙofa ce. Ɗaga ido sama ba tare da ɗaga kai ba, in kana hango fitilar ta saman firem rana ma zata hango ka. Mai lanƙwasowa ya rungumi fuska ko mai faɗin hannu shi ya fi. In lambarka mai yawa ce ka yi shawara da mai gwajin ido kafin ka ɗauki mai lanƙwasa sosai don sai an yi masa lissafi na musamman in ba haka ba gani zai karkace. Sannan ka haɗa da malafa ko duk wata hula mai baki, ita kaɗai tana rage wajen rabin UV da ke isa ido.

Na bakwai, gwada shi

Hanya mafi tabbas ita ce na'urar auna UV da ke wuraren gwajin ido da yawa, ko minti ɗaya ba a yi, a ɗora gilashi lamba ta fito. Kai musu har tsofaffin da ke cikin durowa, da na yara.

A gida akwai dabarar tocilan mai UV, irin wadda ake duba takardar kuɗi da ita. Shiga ɗaki mai duhu ka haska takardar, zaka ga wasu zare ko alamomi sun yi ƙyalli, sai ka sa gilashin a tsakani, in ƙyallin ya mutu yana tarewa, in yana nan daram toh ka samu amsa. Amma kar ka ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Tocilan ɗin iri biyu ne a kasuwa, mai 365 da mai 395. Mai 365 ba zata gaya maka komai game da tsakanin 380 da 400 ba, mai 395 kuma tana fitar da ɗan haske da ya haura 400 wanda zai iya ratsa ko da gilashi mai kyau ya ruɗe ka. Tana kama jabun da ba komai a jikinsa, iyakarta kenan. Kuma dan Allah kar ka haska ta a idonka ko na wani.

Folarais gwajinsa ya fi sauƙi, kalli fuskar kwamfuta ta cikinsa ka juya shi a hankali kamar sitiyari, in na gaske ne akwai inda zata yi duhu ƙirin. Sai gwajin karkata, riƙe tabaran nesa da fuska, rufe ido ɗaya ka kalli miƙaƙƙen layi kamar gefen ƙofa ko layin tayil, ka motsa shi sama da ƙasa, dama da hagu, in layin na lanƙwasa yana rawa gilashin bai da kyau kuma ciwon kai zai saka maka. Wannan na gilashin da ba lamba ne, mai lamba dole layi ya motsa. Tsada ko sunan kamfani kam ba gwaji bane, sinadarin UV ba abu ne mai wuyar samu ba, akwai mai araha da ke cin jarrabawa akwai mai ƙyalƙyali da ke faɗuwa.

Wasu da lissafinsu ya ɗan bambanta

Yara sun fi manya buƙata, don ƙwayar cikin idonsu garau take bata fara yin ruwan ɗorawar da ke tace UV ba, ga shi sun fi kowa wuni a waje. Tabaran wasa mai baƙar roba ba lamba shi ne mafi muni da zaka ɗora wa yaro, nemo folikabonet ko Trivex mai UV400 da firem da ya zauna, mai igiya ta baya in ƙarami ne. Masu saka ɗan gilashin nan da ake mannawa a kan ƙwayar ido, wasu nau'ikan suna tare UV, mai daraja ta 1 yana tare sama da kashi 90 na UVA da 99 na UVB, kuma yana taimakawa da hasken gefen nan, amma baƙin ido kawai ya rufe, farin ido da fatar ido suna waje, tabarau na nan a matsayinsa. Wanda aka yi wa aikin yanar ido, yawancin ƙwayoyin roba da ake dasawa yanzu suna tare UV, duk da haka ya tambayi likitansa kuma ya ci gaba da sakawa. Mai shan magani irin su doksisaikilin da ke sa jiki saurin jin rana shi ma ya ƙara kula.

Abu biyu kuma da UV400 baya yi ko kusa: walda da kallon kusufin rana. Walda tana da nata garkuwar mai lambar duhu, kusufi kuma sai tabarau mai ƙa'idar ISO 12312-2, wanda ya fi na rana duhu sau dubbai. Ko ka jera baƙin gilashi uku a kan juna kar ka kalli rana da su.

In ka samu mai kyau, riƙonsa ba wuya. Kar ka bar shi a kan dashbod, zafin cikin mota yana sa shafin ya tsattsage kamar busasshen tabki kuma firem ya karkace ya daina zama a fuska. Wanke shi da ruwa mara zafi da ɗigon sabulun ruwa kafin ka goge da ƙyallensa, goge shi a bushe da gefen riga shi ne yake jawo karce don ƙurar da ke kai yashi ce. In kariyar a cikin robar take ƙananan karce basu taɓa ta ba, gani kawai suke ɓatawa, in kuwa shafawa aka yi kuma kaga ya fara ɓarewa toh lokacin canji ya yi. Fotokuromik yana rage kuzari bayan 'yan shekaru, zaka ga baya yin duhu kamar da ko yana daɗewa bai washe ba. Duk lokacin da zaka je gwajin ido, bayan shekara ɗaya ko biyu, jefa tabaran a aljihu ka ce a sake ɗora maka shi a kan na'urar.